Tsohuwar motar iyali mai shan dizal: uwargida, ke ma kina da ta cewa

 

Duk shekara idan amfanin gona ya zo gida, masara da shinkafa da gyaɗa suka fara zama kuɗi, akwai zancen da kan taso a gidaje da dama a nan Zinyau da sauran garuruwan Rano da Kibiya, wato zancen sayen mota. Yara sun yi yawa, babur ya daina ɗaukar su, kuɗin motar haya ya ninka. Sai maigida ya fara zarya wurin dillalai a Kano, wata rana sai dai ki ji hon a ƙofar gida. A yawancin gidaje ba a tuntuɓar uwargida, ana ganin mota harkar maza ce. Alhali ita ce za ta zauna a baya da yara, ita za ta goge amai, ita za a ɗauka da tsakar dare idan naƙuda ta taso, kuma ranar da gyara ya cinye kuɗin gida tukunyarta ce za ta fara ji.

Yau za mu duba wani nau'in mota da dillalai kan tallata wa mai iyali saboda araharta: tsohuwar ƙaramar motar iyali mai kujeru bakwai, mai shan dizal, man da muka fi sani da gas. Mota ce mai daɗin zama da amfani, amma ba kowane gida ta dace da shi ba. Abubuwan da ke raba gidan da za ta yi wa rana da gidan da za ta zame wa kaya, yawancinsu ke kika fi kowa saninsu.

Waɗanne motoci ake nufi?

Duk wadda ta taɓa shiga motar haya daga Kano zuwa Zariya ko Jos ta san Sharon. Ainihin sunanta Volkswagen Sharan. An fara ƙera ta a 1995 a wata masana'anta da ke ƙasar Fotugal, inda kuma aka ƙera 'yan'uwanta biyu, Ford Galaxy da Seat Alhambra. Jiki ɗaya ne, tambari ne ya bambanta, shi ya sa kayan gyaransu da yawa ke shiga juna.

Waɗanda muke magana a kansu yau ƙannenta ne. Renault ta fito da Scénic a 1996 da kujeru biyar, daga baya aka yi doguwarta mai bakwai. Opel ta fito da Zafira a 1999, ita ce ta yi suna da dabarar naɗe kujeru biyu na can baya su shige cikin daɓen mota kamar babu su. Volkswagen ta kawo Touran a 2003, Toyota kuma ta kawo Corolla Verso mai kujeru bakwai a 2004. Tsawonsu bai kai mita huɗu da rabi ba, ga shi Sienna ta Amurka ta kai mita biyar. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne ga mai shiga lungu ko mai ajiye mota a ƙaramin gareji.

Turawa sun ƙera su ne domin iyaye masu yara uku zuwa biyar, masu kai yara makaranta da safe su wuce kasuwa. A lokacin dizal ya fi fetur araha a yawancin ƙasashen Turai, don haka da yawa daga cikinsu da injin dizal suka fito.

Me ya sa suke araha?

Kafin ki yi murna da farashi, ya kamata ki san dalilinsa. A watan Satumba na 2015 aka gano kamfanin Volkswagen ya yi maguɗi wajen gwajin hayaƙin motocinsa masu dizal. Daga nan Turawa suka fara juya wa dizal baya. A 2018 birnin Hamburg na Jamus ya hana tsofaffin motocin dizal bin wasu tituna, a 2019 Landan ta fara cajin kuɗi kullum a kan tsofaffin motoci masu hayaƙi da ke shiga tsakiyar birni. Masu su suka riƙa rabuwa da su. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma.

Dalili na biyu na gida ne. Shekara da shekaru gwamnati ta yi tana biyan tallafi a kan fetur, dizal kuwa an daɗe da sakin farashinsa. Saboda haka ɗan Najeriya ya saba gudun ƙaramar mota mai dizal, kuma abin da mutane ke gudu farashinsa kan faɗi. Ki riƙe wannan a rai, domin ranar da za a sayar da ita ma haka za ta yi jinkirin samun mai saye.

Tsufa shi kaɗai ba aibi ba ne, da tsohuwar zuma ake magani. Amma motar da aka ƙera a 2003 ta haura shekara ashirin, ta girmi wasu daga cikin masu karanta wannan fili. Dole a duba ta da idon basira.

Inda ta ciri tuta: daɗin zama

A nan ba ni da abin kushewa. Rufinta na da tsawo, kujerunta sun ɗaga sama kamar kujerar falo. Mai tsohon ciki ko kaka mai ciwon gwiwa ba sai ta durƙusa ba kafin ta shiga, kuma wajen fita ba sai an jawo ta ba. Goggoro ba ya gogar rufi. Gilasanta manya ne, yara na ganin waje, kuma hakan na rage tashin zuciya.

A Touran da Scénic da Verso, layin tsakiya kujeru uku ne daban-daban, kowace ana iya matsar da ita gaba ko baya. Amfanin wannan sai uwa: kowane yaro da wurinsa, an rage faɗan "ya matse ni", kuma kujerar jariri na iya zama a gefe ba ta hana mutum biyu zama ba. A Zafira ta farko layin tsakiya benci ne guda da ake turawa gaba a shiga baya. A tsohuwar Sharon ana cire kujerun baya gaba ɗaya, sai dai suna da nauyi, kuma sai an nemo musu wurin ajiya a gida inda yara da ɓeraye ba za su lalata su ba.

Idan aka naɗe layin ƙarshe, but ɗin na ɗaukar cefanen wata, buhunan hatsi daidai gwargwado, kulolin abincin suna, ko kayan yaro mai komawa makarantar kwana. Idan aka kwantar da layin tsakiya ma, mara lafiya na iya miƙewa a kan katifa ƙarama a hanyar Babban Asibitin Rano, ko idan an tura ku Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Duk wadda ta taɓa riƙe mai naƙuda a bayan babur ta san darajar wannan.

Sai dai a faɗi gaskiya game da kujeru biyun can baya. Na yara ne. Babban mutum zai zauna gwiwa a ƙirji, kafin a kai Bunkure ƙafa ta yi sanyi. Kuma idan aka ɗaga su, but ɗin ya ƙare, abin da ya rage bai wuce wurin jakunkuna biyu ko uku ba. Wato ko dai mutum bakwai da kaya kaɗan, ko mutum biyar da kaya masu yawa. Ba a haɗa biyun.

Akwai kuma ƙara. Tsohon injin dizal yana da ƙugi da kakkarwa, musamman da safe lokacin hunturu ko idan mota na tsaye. A kan titi idan ta miƙe sai ya lafa. Wasu jarirai ƙugin ma barci yake sa su, wasu manyan kuma ciwon kai yake sa musu. Ba za ki san naki ba sai kin shiga.

Kujera bakwai, mutum bakwai

Wannan shi ne abin da ya fi komai muhimmanci a rubutun yau. Mun saba ganin Sharon ta haya da mutum goma ko fiye, biyu a gidan gaba, an ɗaure but da igiya saboda lodi. Idonmu ya saba har muna ganin haka aka yi motar. Ba haka aka yi ta ba. Birkinta da tayoyinta da bel ɗinta duk an auna su ne a kan adadin kujerunta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mota ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29 a duniya. Ta kuma ce ɗaura bel na rage yiwuwar mutuwa da kusan rabi, kujerar jariri kuma na rage mutuwar jarirai da kashi 71 cikin ɗari. Kwana na Allah ne, amma an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali.

Jariri a cinya ba shi da kariya. Idan aka taka birki da ƙarfi ko aka yi karo, nauyinsa kan ninka sau da yawa a cikin ƙiftawar ido, babu hannun uwar da zai iya riƙe shi. Idan kuma kika haɗa ke da shi a bel ɗaya, nauyinki ne zai danne shi. Tunda za a kashe miliyoyi a kan mota, a ware kuɗin kujerar jariri a cikin lissafi tun farko. Ta gwanjo ma ta fi babu, in dai ba ta tsage ba kuma igiyoyinta da makullinta na aiki. Kada a taɓa sa kujerar jariri mai kallon baya a gidan gaba idan akwai jakar iskar da ke fashewa lokacin haɗari, domin bugunta kaɗai na iya kashe shi. Yara ƙanana wurinsu baya.

Idan gidanku mutum goma ne, wannan mota ba za ta kwashe ku a sawu ɗaya ba. A yi sawu biyu, ko a raba tafiya. Na san ranar biki da wuya a ce wa maƙwabciya babu wuri, amma ɓacin ran yini ɗaya ya fi zaman makoki. Ki sa maigida ya kafa dokar tun ranar farko, kowa ya san haka motar gidanku take, sai kunyar ta ragu.

Kaya ma haka. Tukunyar gas ta girki, turmi, jarkar mai, kula mai zafi, duk abin da ba a ɗaure ba zai taso gaba idan aka yi birki na gaggawa, kuma kan yaran layin baya zai fara samu. Kaya masu nauyi su zauna a ƙasa, a jingine da bayan kujera, a ɗaure. Lodi a kan rufi yana sa doguwar mota saurin karkata a kwana.

Kada a yi tafiya da but a buɗe. Iska na jawo hayaƙin salansa ta mayar da shi cikin mota, kai tsaye kan yaran da ke can baya. Tun 2012 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa hayaƙin dizal a jerin abubuwan da ke haddasa cutar, ban da tayar da asma da yake yi. Idan yaro na yawan yin barci mai nauyi ko ciwon kai duk lokacin da ya zauna a baya, a duba salansa da robar ƙofar but.

Lissafin dizal da fetur

Dillali zai ce miki ba ta shan mai. Akwai gaskiya a ciki. Irin waɗannan motoci masu injin dizal mai lita 1.9 ko 2.0, idan suna da lafiya, suna shan kimanin lita 6 zuwa 7 a tafiyar kilomita 100. Takwarorinsu masu fetur kan sha lita 9 zuwa 10. Amma yawan lita rabin lissafi ne, ɗaya rabin farashin lita ne.

A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, litar dizal ta tashi zuwa kusan Naira 800, fetur kuwa bai kai Naira 200 ba a farashin gwamnati. A wancan lokaci mai dizal zai kashe kimanin Naira 5,600 a kilomita 100, mai fetur bai kai 2,000 ba. Mutane da yawa sun jingine motocinsu na dizal. Sai ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi, fetur ya yi ta hawa har ya haura Naira 1,000 a watan Oktoba 2024. Dizal ma ya haura Naira 1,500 a farkon 2024, kafin matatar Dangote ta fara sayar da nata a rage farashi. Tazarar da ke tsakaninsu ta tsuke, shi ya sa zancen motar dizal ya dawo.

Tunda farashi ba ya zama wuri ɗaya, ga hanyar da za ki yi lissafi da kanki a waya. Ki tambayi farashin litar dizal yau ki ninka sau 7, ki tambayi na fetur ki ninka sau 10. A misali, idan fetur Naira 1,000 ne dizal kuma 1,300, mai fetur zai kashe 10,000, mai dizal 9,100. Ribar Naira 900 ke nan a kowace kilomita 100. Idan maigida na zuwa Kano ya dawo sau uku ko huɗu a mako, wanda kowane zuwa da dawowa ya haura kilomita 100, ribar za ta taru. Idan kuwa motar daga gida sai kasuwar Rano sai masallacin Juma'a, ribar shekara guda ba lallai ta biya gyara ɗaya na famfon mai ba.

Injin dizal doguwar tafiya yake so. Gajerun tafiye-tafiye da ba sa barin sa ya ɗau zafi sosai suna tara masa baƙin toka a ciki. Waɗanda aka ƙera daga wajen 2009 zuwa sama, da wasu kafin nan, suna da matatar hayaƙi a cikin salansa wadda ke toshewa idan ba a yin doguwar tafiya. Wannan na daga cikin dalilan da ya sa wasu masu gyara suka fi yabon tsohon injin 1.9 na Volkswagen, domin tarkacensa bai kai na sababbin ba.

Wa zai gyara ta?

Wannan tambaya ta fi ta farashi. Bakaniken ƙananan motoci a garuruwanmu da fetur ya koyi aiki. Masu gyaran dizal kuwa yawanci manyan motoci da tarakta da janareta suka saba da su, ba ƙaramin inji mai turbo da kwamfuta ba. Kafin a biya kuɗi, maigida ya samo mutum takamaimai, a Rano ko a Kano, wanda ya taɓa gyara irin wannan injin, ba wanda zai ce "a kawo mu gani" ba. Ya kuma shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ya tambayi farashin abubuwa huɗu: nozul, famfon mai, turbo, da taimin bel. Idan an same su cikin sauƙi, madalla. Idan kowa na cewa sai an aiko daga Legas, to motar za ta riƙa kwana a gareji, ku kuna hawa babur kuna kallonta. A wajenmu kayan dangin Volkswagen sun fi sauƙin samu saboda yawan Golf da Sharon a kan hanya, amma ki sani kayan jiki ne suka fi yawa, kayan injin dizal sai an tambaya.

Taimin bel abin kula ne. A injin 1.9 na Volkswagen bel ne na roba, idan ya tsinke mota na tafiya inji kan lalace sosai. Tunda ba a san yaushe mai ita na farko ya canza shi ba, a canza shi da zarar an saya, kafin a fita doguwar tafiya ta farko.

Sai mai. Injin dizal na ƙaramar mota ba ya haƙuri da gurɓataccen mai. Dizal da aka gauraya da kalanzir ko wanda ruwa ya shiga yana kashe nozul da famfo. A guji sayen na 'yan bumburutu a jarka, a tsaya ga gidan mai ɗaya da aka yarda da shi. Ba kowane gidan mai na karkara ke da dizal kullum ba, don haka kada a bari tanki ya yi ƙasa sosai, musamman idan akwai mai ciki a gida da watanta ya tsaya. A riƙa canza filtar mai da baƙin mai a kan lokaci, filtar iska kuma a riƙa duba ta sosai lokacin ƙurar hunturu.

Wani kuskure da ke faruwa: ma'aikacin gidan mai ya ga ƙaramar mota, sai ya zuba fetur bisa sabo. A rubuta "DIZAL" da manyan baƙaƙe a murfin tanki. Idan an riga an zuba, kada a kunna mota ko sau ɗaya. A tura ta gefe a zuƙe tankin.

Hanyarmu ba irin tasu ba ce

An ƙera waɗannan motoci domin kwalta mai santsi. Ƙasansu na kusa da ƙasa, kuma idan aka cika su da mutane sai su ƙara zama. Daga Kano zuwa Rano da Kibiya kwalta ce, amma da zarar an sauka aka nufi ƙauyuka, ko aka bi hanyar gona da damina, akwai ramuka da zaizaya da duwatsu. Tukunyar baƙin mai da ke ƙarƙashin inji na iya bugun dutse ta fashe. Idan fitilar mai ta ja ta kama a gaban direba, a kashe mota nan take, kada a ce bari a ƙarasa gida. Ana iya sa wa ƙasan inji farantin ƙarfe domin kariya. Kada kuma a kutsa cikin ruwa mai zurfi, domin injin dizal idan ya zuƙi ruwa ya gama aiki.

Ki tambayi kanki, daga ƙofar gidanku zuwa kwalta, a watan Agusta, wace irin mota ce ke wucewa? Idan Golf na wucewa ba tare da gogar ƙasa ba, waɗannan ma za su wuce da lallaɓawa. Idan sai a-kori-kura da babur, to kun sayi motar rani ce kawai.

Ranar da za a je dubawa

Ki roƙi maigida cikin ladabi a tafi da ke, ko a kawo motar gida a gwada kafin a gama ciniki. Shi da bakanike su duba inji, ke ki duba waɗannan:

Bel. Ki ƙirga su, bakwai cif. Ki ja kowane da ƙarfi ki ga ya cije, ki sa shi a makullinsa ki ji ya kama. Sau da yawa na baya an yanke su ko an tura su ƙarƙashin kujera.

Kujeru. Ki naɗe ki buɗe da hannunki. Idan sai namiji mai ƙarfi zai iya, to ba za su yi miki amfani ba ranar da ba ya nan. Ki tabbata kowace na kama daɓe ba ta girgiza.

Ƙofofin baya. A gefen ƙofa akwai ɗan makulli da ke hana yaro buɗewa daga ciki. Ki gwada. Ki gwada gilasai, suna sauka suna hawa?

Na'urar sanyi. Ki zauna can baya da rana tsaka ki ji ko sanyi na isa. Mota mai gilashi da yawa tanda ce a watan Afrilu.

Wari. Warin hayaƙi ko na mai a cikin mota alamar yoyo ce. Warin rima da tsatsa a ƙarƙashin kafet na iya nuna ruwa ya taɓa cinye motar.

Taya. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Misali 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa na gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu. Ki duba safaya ma, da jak.

Ki kuma tuna wa maigida abu uku. A kunna motar da safe tana sanyi, domin injin da aka ɗumama kafin ku iso yana ɓoye ciwonsa. Baƙin hayaƙi mai yawa, ko shuɗi, ko fari da ba ya ɗaukewa, duk alamun kashe kuɗi ne. Na biyu, a tabbata ba motar Ingila ba ce da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma juyin da ba a yi da kyau ba yana taɓa birki da sitiyari. Na uku, takardu. A ranar 1 ga Janairu 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka a tantance takardun kwastan, a ga lambar da ke takarda ta yi daidai da wadda ke jikin mota.

Bayan an kawo ta gida

Mota a tsakar gida abin wasa ce a idon yara. A riƙa kulle ta ko da tana cikin gida, a rataye makulli inda hannunsu ba ya kai. Jikin yaro na ɗaukar zafi ninki uku zuwa biyar fiye da na babba, kuma mun sha jin labarin yaran da suka shiga motar da aka ajiye, ƙofa ta rufe, ba a gan su ba sai da lokaci ya ƙure. Idan yaro ya ɓace, mota ce wuri na farko da za a duba. A mota mai layi uku, ki ƙirga yara duk lokacin da aka sauka, domin wanda ya yi barci can baya ba a hango shi. Kafin a ja da baya kuma, wani ya tsaya ya riƙe ƙanana.

Mai yawan amai a mota a sa shi layin tsakiya, ya riƙa kallon gaba, a karɓe waya daga hannunsa, a ba shi abinci mara maiƙo kafin tafiya. Leda da tsumma da gorar ruwa su zauna a mota dindindin.

Sannan a buɗe wa motar asusu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, tsohuwar mota kuma dole ta nemi gyara. Kada a zuba duk kuɗin kaka a saye, a bar wani kaso na gyaran farko. Bayan nan a riƙa ware wani abu duk wata, kamar zubin adashe, domin ranar da ta tsaya kada a taɓa buhun abinci ko kuɗin makaranta.

To, a saya ko a bari?

Idan ku bakwai ne ko ƙasa da haka, ana yawan doguwar tafiya a kwalta, akwai bakaniken da ya san injin, akwai amintaccen gidan mai, kuma an bar kuɗin gyara a gefe, wannan mota za ta hutar da ku, za ki ji daɗinta ke da yara da tsofaffin gida. Idan kuwa tafiyarku gajera ce, hanyarku ta lalace, ko babu mai gyara a kusa, irin wannan jikin mai injin fetur ya fi muku kwanciyar hankali, ko da ya ɗan fi shan mai. Idan kuɗin bai kai a saya a kuma kula da ita ba, haƙuri zuwa kaka mai zuwa ba abin kunya ba ne.

Ki zaɓi lokacin da maigida ya huta ki kawo masa waɗannan bayanai a matsayin shawara. Yawancin maza idan suka ga an yi musu lissafin kuɗi a fili, suna saurare.

Masu irin wannan mota a gida, ku faɗa mana a ƙasa yadda kuke ji da ita, musamman wajen mai da gyara, domin 'yan'uwa su ƙaru. Allah Ya tsare mu da iyalanmu a kan hanya, Ya sa abin hawanmu ya zame mana alheri. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.